Me Ya Haɗa Marubutan Kiɗan Rok da Masu Zanen Komik a Jarida Ɗaya?

Tambaya: Malam, ina karatun aikin jarida, an ba mu aiki a kan mujallun matasan Amurka da Ingila na shekarun 1960 zuwa 1970. Duk wadda na buɗe sai in tarar da abu biyu: dogon sharhi a kan kiɗan rok, da labaran zane, wato komik, masu rashin kunya. Me ya haɗa su? Kuma me ya sa Rolling Stone take nan har yau, su kuwa komik ɗin suka ɓace?

Amsa: Ƙanena, idan gajeriyar amsa kake so, injin buga takarda ne ya haɗa su, kuɗin talla kuma ya raba su. Amma malaminku ba zai ba ka maki a kan layi ɗaya ba, saboda haka bari mu warware zaren.

Mu fara da sunan. Amurkawa suna kiran waɗannan jaridu na ƙarƙashin ƙasa, sunan da aka aro daga jaridun sirri na Turai lokacin mamayar Jamus. Akwai cika baki a ciki. A fili ake sayar da su, a bakin titi da ƙofar jami'a, da sunan edita da adireshin ofis a jiki. Ni na fi kiran su jaridun bayan fage, domin abin da suka kauce wa shi ne manyan kamfanonin ɗab'i da dillalansu.

Kafin lokacin, mai son fitar da jarida sai ya biya masu jera haruffan dalma, aikin da ke cin kuɗi kuma sai ƙwararru. Hoto ko zane kuwa sai an sassaƙa masa farantinsa daban. Da bugun ofset ya yi araha, lamarin ya sauya. A ofset hoton shafin ake ɗauka baki ɗaya. Ka buga rubutunka a tafireta, ka yanka da almakashi, ka manna a kwali, abokinka ya cika gefen da zane, ka kai wa mai inji. Injin bai san bambancin harafi da zane ba, duk farashinsu ɗaya. Wannan ne ya ɗaga darajar mai zane ta yi kafaɗa da ta marubuci, kuma shi ya sa shafukan nan suke a hargitse, rubutu yana hawa kan hoto, wani lokaci ma ba ya karantuwa. San Francisco Oracle, wadda fitowa 12 kawai ta yi tsakanin 1966 da 1968, har tawada kala-kala ake zuba mata a inji lokaci guda don launuka su narke cikin juna.

Art Kunkin ya kafa Los Angeles Free Press a 1964. A 1965 sai ga Berkeley Barb ta Max Scherr, da East Village Other a New York, da Fifth Estate a Detroit, da wata mai suna The Paper a jihar Michigan. A 1966 waɗannan biyar suka kafa ƙungiyar jaridun bayan fage da ake taƙaita sunanta UPS, bisa sharaɗi guda: kowace jarida tana iya kwafe abin da 'yar'uwarta ta buga, kyauta. Ka riƙe wannan sharaɗin. Edita a ƙaramin gari ba shi da kuɗin ɗaukar wakilai, amma yana da shafuka 16 da za a cika kafin Alhamis. Me ya fi sauƙin yankowa daga jaridar wani gari? Shafin komik da sharhin faifai, domin ba sa tsufa kamar labarin zanga-zangar jiya, kuma ana fahimtarsu a ko'ina. Ta haka zanen Gilbert Shelton na wasu 'yan wiwi uku masu gashi buzu-buzu, wanda ya fara fitowa a The Rag ta garin Austin a 1968, ya zagaye ƙasar har ya tsallaka Turai.

Amma kowanne daga cikin biyun da nasa asalin, kuma ba iri ɗaya ba ne.

Masu zanen sun fito ne da tsohon ƙulli a zuciya. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafin da ya ɗora laifin lalacewar yara a kan komik, Majalisar Dattawan Amurka ta zauna a kan batun, aka kira mawallafa aka titsiye su. Don gudun kada gwamnati ta yi musu doka, sai suka yi wa kansu: suka kafa hukumar tacewa mai hatimi. Ba a nuna ɗan sanda ko alƙali a wulaƙance, dole mugu ya sha kaye a ƙarshen kowane labari, har wasu kalmomin ban tsoro aka hana sa wa a sunan littafi. Littafin da ba shi da hatimi, dillalai ba sa ɗauka. Kamfanin EC na William Gaines, wanda ya fi kowa gwanayen masu zane, ya durƙushe, abin da ya tsira masa shi ne komik ɗin barkwanci mai suna Mad, wadda aka mayar mujalla a 1955, ta fita daga hurumin hukumar. Yaran da aka ƙwace wa littattafansu a lokacin su ne suka kai shekara ashirin da 'yan kai a 1967. Harvey Kurtzman, wanda ya ƙirƙiro Mad a 1952, daga baya ya riƙe wata mujalla mai suna Help!, kuma a nan ya buga ayyukan farko na Robert Crumb da Shelton. Idan ka ga zanen batsa ko na zagin 'yan sanda a jaridun nan, sau da yawa jerin haramce-haramcen 1954 ne mai zanen yake bi layi-layi yana karyawa.

Su kuwa marubutan kiɗa ba hana su aka yi ba, raina abin da suke so aka yi. Kafin 1966 kiɗan rok yana fitowa ne a wuri biyu: jaridun 'yan kasuwa irin su Billboard masu lissafin faifan da ya fi ciniki, da mujallun 'yan mata masu ba da labarin kalar da mawaƙi ya fi so. Sharhi na hankali sai ga kiɗan jaz da na gargajiyar Turai. A watan Fabrairun 1966 wani ɗalibi ɗan shekara 17 a kwalejin Swarthmore, Paul Williams, ya fitar da Crawdaddy! da injin gurza takardu irin wanda ake buga jarrabawa da shi a makarantu. Dabarar ya koyo ta ne a wurin masu sha'awar labaran ƙirƙirar kimiyya, waɗanda sun daɗe suna gurza wa junansu 'yan ƙananan mujallu suna aikawa ta gidan waya. Williams yana rubutu a kan faifai kamar mai ba aboki labarin abin da ya ji a jikinsa, kuma a shafukansa Jon Landau da Richard Meltzer suka fara. A shekarar dai Richard Goldstein ya samu fili a Village Voice, a 1968 New Yorker ta ɗauki Ellen Willis, a 1969 Robert Christgau ya fara ba faya-fayai maki da haruffa kamar malamin makaranta. Cikin shekara uku sana'ar da babu ita ta tsaya da ƙafafunta.

A San Francisco hanyoyin biyu suka haɗu sosai. Gidajen kiɗa na Fillmore da Avalon suna buƙatar fostar talla kowane mako, masu zana musu irin su Rick Griffin da Victor Moscoso su ne kuma suka shiga harkar komik. Ranar 9 ga Nuwamban 1967 Jann Wenner, ɗan shekara 21, tare da tsohon ɗan jarida Ralph Gleason, suka fitar da Rolling Stone da jarin dala 7,500 da aka tattaro, hoton John Lennon a bango. Griffin ne ya zana harufan sunan mujallar. Wata uku bayan nan, a Fabrairun 1968, Crumb, wanda ya baro aikin zana katunan gaisuwa a Cleveland, ya fito titin Haight da matarsa suna sayar da fitowar farko ta komik ɗinsa mai suna Zap a cikin keken tura jarirai. Gari ɗaya, masu saye ɗaya, wani lokaci ma alƙalami ɗaya.

Abin dariya a nan, Crumb ba ya son kiɗan rok ko kaɗan. Shi mai tara tsoffin faya-fayan garmaho ne na shekarun 1920 da 1930. Amma shi ya zana bangon faifan Cheap Thrills na ƙungiyar da Janis Joplin take wa waƙa a 1968, kuma zanensa ne ya zama tambarin mujallar Creem ta Detroit, wadda Barry Kramer ya kafa a 1969. Mutumin da hannunsa ya fi na kowa zama alamar zamanin, kunnensa yana wani zamanin.

To yanzu kuɗi. Jaridun bayan fage suna rayuwa a kan abu uku: cinikin bakin titi, ƙananan tallace-tallacen masu neman abokan lalata, da tallar kamfanonin faifai. Na biyun ya jawo rigingimu a cikin gida. A 1969 ma'aikatan Berkeley Barb suka yi wa Scherr bore suka fice suka kafa tasu, a Janairun 1970 kuma mata suka ƙwace jaridar Rat ta New York saboda yadda take wulaƙanta su. Na ukun shi ne mai tsoka. Kamfanonin faifai sun gane cewa masu karanta waɗannan jaridu su ne masu sayen kayansu, har suka riƙa ɗaukar 'yan hipi, wato matasan da suka bijire wa al'adar iyayensu, aiki don su zame musu tafinta, kamar Danny Fields a kamfanin Elektra. A ƙarshen 1968 Columbia ta fitar da wata talla mai hoton matasa a tsare, tana cewa hukuma ba za ta iya kama kiɗanmu ba. Babban kamfani ya ari bakin 'yan tawaye ya ci musu albasa, aka yi ta yi masa dariya, amma an karɓi kuɗin.

Iyakar wannan ƙawancen ta bayyana a Detroit. Ƙungiyar kiɗa ta MC5, wadda John Sinclair yake jagoranta da aƙidar juyin juya hali, ta fitar da faifanta na farko a 1969 da ashar a ciki. Babban kantin Hudson's ya ƙi sayarwa. Sai 'yan ƙungiyar suka sayi fili a wata jaridar bayan fage suka zagi kantin, suka manna tambarin Elektra a ƙasa. Kantin ya kwashe duk faya-fayan Elektra daga kantocinsa, Elektra kuma ta kori MC5. A shekarar aka yanke wa Sinclair hukuncin ɗaurin kusan shekara goma a kan sandar wiwi biyu, sai a Disamban 1971 ya fito bayan gangamin da Lennon ya halarta. A daidai wannan tsakanin hukumar FBI tana bibiyar jaridun nan a ƙarƙashin shirinta na sirri mai suna COINTELPRO, ana kama masu sayarwa, ana matsa wa masu injin bugu. Kamfanonin faifai suka fara janye tallarsu daga jaridun da siyasarsu ta yi zafi. Ina kuɗin ya koma? Wurin da ake maganar kiɗa cikin tsari, ba a kira a ƙona gari.

Wenner tun farko ya ce shi ba jaridar bayan fage yake yi ba. Shafukansa a tsare suke, ana gyara rubutu, ana biyan marubuta. Kada ka ɗauka na raina aikin. Da aka kashe wani matashi baƙar fata, Meredith Hunter, a bikin kiɗa na Altamont ranar 6 ga Disamban 1969, manyan jaridu da yawa sun ba da labarin sama-sama, Rolling Stone ce ta tara wakilai ta yi bincike mai tsawo ta nuna sakacin masu shirya taron, har da mawaƙan da take cin abinci da sunansu. Ita ce kuma ta ba Hunter S. Thompson fili a 1971, da zanen Ralph Steadman a gefen rubutunsa. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Lester Bangs, wanda a ganina ya fi kowa a cikinsu kaifin alƙalami, ya fara ne da caccakar faifan MC5 ɗin nan a 1969, a 1973 kuma Wenner ya kore shi saboda wani sharhi a kan ƙungiyar Canned Heat, wai ba ya girmama mawaƙa. Landau kuwa ya yabi mawaƙi Bruce Springsteen a 1974, bai daɗe ba ya zama mai tsara masa faifai, daga baya manajansa. Mu da muka san mawaƙan fada mun san zambo ba ya faɗa wa ubangida, sai abokin hamayyarsa. A 1977 Rolling Stone ta tattara ta koma New York, kusa da kamfanonin talla.

Creem ta fi taurin kai. Bangs da Dave Marsh da Jaan Uhelszki suna yi wa taurari ba'a a ƙarƙashin hotunansu, kuma a shafukanta aka fara yawan amfani da kalmar pank a kan wani irin kiɗa mai tsauri tun 1971. Ruhin komik ya fi zama a cikinta fiye da kowace mujallar kiɗa. Bangs ya mutu a 1982 yana ɗan shekara 33, mujallar ta tsaya a 1989.

Komik kuwa ba wanda ya taɓa sa musu talla, kuma wannan shi ne 'yancinsu, shi ne kuma ajalinsu. Ƙananan maɗaba'u irin su Print Mint da Rip Off Press da Last Gasp suna bugawa, mai zane yana riƙe da haƙƙin aikinsa, ana ba shi kaso daga ciniki, abin da manyan kamfanonin komik ba sa yi. Ba edita, ba hatimi. Hanyar sayarwa kuma guda ce: shagunan 'yan hipi masu sayar da takardar naɗa wiwi da turare da fostoci. Idan kana son kwatance na kusa, ka tuna yadda littattafan soyayya na Kano suka bi ta hannun 'yan kasuwa suka kai ga masu karatu ba tare da sun bi ta manyan maɗaba'u ba.

Rashin mai tsawatarwa ya fitar da gwaninta, ya kuma fitar da ƙazanta, kuma ba zan ɓoye maka ba. Crumb ya zana mace baƙar fata da siffofin wulaƙanci irin na zamanin bauta. Masu kare shi suna cewa tona asirin wariyar da ke cikin zukatan fararen fata yake yi. Na duba zanen sau da yawa, ban gamsu ba, domin wanda aka zana ba a tambaye shi ko ya ji ba'ar ba. Mata ma sun sha nasu. Trina Robbins, wadda ta fara a East Village Other, ta fito fili ta soki cin zarafin mata a cikin Zap, a 1970 ta jagoranci komik na farko da mata zalla suka zana, a 1972 kuma aka kafa Wimmen's Comix. A shekarar 1972 ɗin Justin Green ya zana labarin kansa da waswasin addini da ya addabe shi tun yana yaro, wanda ya buɗe ƙofar ba da tarihin rayuwa da zane.

Hukuma ba ta cika bin mai zane ba, mai shago take kamawa. A 1969 an kama masu sayar da littattafai a New York saboda fitowa ta huɗu ta Zap, aka same su da laifi. A Yunin 1973 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Miller da jihar Kalifoniya, ta ce kowace al'umma ita za ta auna abin da ya zama batsa a wurinta. Ma'ana, littafin da ya halatta a San Francisco zai iya kai mai shago kurkuku a wani ƙaramin gari. Mai shagon da dama 'yan sanda suna sa masa ido saboda kayan wiwi, me zai sa ya ƙara wa kansa masifa a kan littafin 'yan sulalla? Ga takarda ta yi tsada, ga kasuwa ta cika da na banza, ga sojojin Amurka sun bar Biyetnam an daina tilasta wa matasa shiga soja, adawa da yaƙin, wadda ta tara jama'ar tun farko, ta gushe. Cikin ɗan lokaci cinikin ya faɗi warwas.

A Ingila labarin ya fi nuna yadda biyun suke a cuɗe. Richard Neville ya taso da mujallar Oz daga Ostareliya ya kafa ta a Landan a 1967. A 1970 suka miƙa fitowa ta 28 ga 'yan sakandare su shirya. Wani yaro ɗan shekara 15 ya yanko kan Rupert, beyar da yaran Ingila suke karantawa a jaridar Daily Express, ya manna a kan wani zanen batsa na Crumb. A 1971 aka gurfanar da Neville da Jim Anderson da Felix Dennis a kotun Old Bailey, aka kwashe makonni ana shari'a, aka aske musu gashi da ƙarfi a gidan yari. Alƙali ya ba Neville wata 15, Anderson 12, Dennis kuwa 9, wai don bai kai sauran basira ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke ɗaurin, Dennis kuma ya zama ɗaya daga cikin attajiran mawallafan Ingila. Ɗaya daga cikin 'yan makarantar nan shi ne Charles Shaar Murray. A 1972, da jaridar kiɗa ta NME ta ga ciniki yana neman mutuwa, sai ta kwaso marubuta daga bayan fage: Murray daga Oz, Nick Kent daga Frendz, daga baya Mick Farren daga International Times. Oz ta rufe a 1973, NME ta yi ƙiba da 'ya'yanta.

Sai dai in gyara maka kalmar ɓacewa. A Janairun 1976 John Holmstrom, ɗalibin Kurtzman a makarantar zane ta New York, ya fitar da mujallar Punk, hirarrakin mawaƙa a rubuce da hannu kamar komik, mawaƙi Lou Reed a zane a bango. Art Spiegelman kuwa, wanda a 1972 ya zana shafuka uku a wani komik na bayan fage a kan abin da iyayensa Yahudawa suka gani a hannun 'yan Nazi, da ɓeraye da kyanwoyi a matsayin mutane, ya ci gaba da faɗaɗa labarin a mujallar Raw da suka kafa da matarsa Françoise Mouly a 1980. Littafin, Maus, ya samu lambar Pulitzer a 1992. Shekara guda kafin nan Crumb ya kwashe iyalinsa da faya-fayan garmahonsa ya koma wani ƙauye a kudancin Faransa.